Sati Ukun Da Bindigar Malik Ta Yi Aiki

Allah bai hana garinmu komai ba. Ba mu da asibiti, gaskiya ne, wutar lantarki kuma takan leƙo mu ne idan ta yi ɓatan hanya, amma muna da Malik Sarbuland Khan. Daga birnin Kohat har bakin Darra, garin maƙeran bindiga, babu wanda ya san ƙaramar bindiga kamarsa. Wannan magana tabbatacciya ce, don daga bakinsa muka ji ta.

Mutum ne cikakke, mai faɗin ƙirji, ga gashin baki da kan riga mai shi shiga ɗaki. Saboda tafsirin da yake yi wa kunamar bindiga, samari suka laƙaba masa Shehin Kunama. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ɗauka sarauta ce, har ya yanka rago.

Bindigar tasa irin mai lodin kanta ce, kana danna kunama tana tofar da kwanso tana ɗauko wani harsashin. Daga Turai ta zo, in ji shi, daga wata ƙasa da ƙanƙara ke zuba wata tara a shekara. Shekara goma sha ɗaya tana ɗaure a ƙugunsa. Duk Juma'a yakan shimfiɗa farin ƙyalle ya shafe ta ciki da waje da man da yake shafa wa gashin bakinsa, don a ganinsa abu mai daraja biyu ba a raba musu mai. Harbi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa yi da ita ba. Mai shakka ne ke gwaji, in ji Malik, shi kuma ba ya shakka.

Kullum bayan la'asar maza kan taru a hujrarsa, wato zauren baƙinsa, a baje kan gadajen igiya, a sha koren shayi, a yi musun da kakanninmu suka bar mana. Haji Dilbar, dattijon da ya fi kowa shekaru, yakan ce shi dai a bar shi da tsohuwar libarbarsa, harsashi shida ne amma shidan duk za su fita. Nurzada wanzami yakan ce ƙirar Darra ba ta da laifi, matuƙar ka ciyar da ita harsashi mai kyau kuma ka kare ta daga ƙura. Malik yakan bari su gama, kamar yadda uba ke barin yara su gaji da wasa, sannan ya gyara murya.

"Ku saurara, ku ƙaru. Bindigar Darra ƙarfen tsohon jirgin ƙasa ce da aka yi wa kwalliya. Yau ta harba, gobe ta cije, jibi ta harbi mai ita. Wannan kuwa," sai ya dafa ƙugu, "ko a cikin dubu aka jefa ta, aka ɗaure mini ido, tafin hannuna zai gane ta. Tana da nauyin da ba a koya wa maƙeri."

Ranar da aka yi zaman sulhu tsakanin gidaje biyu kan rabon ruwan gona, kowa ya bi ƙa'ida. Ka zare gidan harsashi ka sa a aljihu, ka ajiye bindigar a kan gadon da ke ƙofar masallaci, sannan ka shiga. Bindigogi sun fi talatin, rabinsu baƙaƙe iri ɗaya, don maƙeran Darra idan suka kwaikwayi abu har rubutun jikinsa ba sa bari. Da aka tashi, aka ja baya don Malik ya fara ɗauka. Ganin idanu a kansa, sai ya rufe nasa. Ya yi ta shawagi da hannu a kan gadon, ya ɗauki ɗaya, ya auna ta a tafinsa, ya yi murmushi.

"Ga 'yata," in ji shi.

Bindigar Shamroz ce, maigadin gidan mai na bakin titi.

Shamroz shi ne na ƙarshen ɗauka, don talaka ba ya riga kowa miƙa hannu. Ya ɗauki wadda ta rage, bai duba ba sai da ya isa gida. Can ya ga lambar jikinta, ya gane ba tasa ba ce, ta Malik ce. Kamfanin da ya ɗauke shi gadi yakan turo jami'i ya haɗa lambar bindiga da ta lasisi, kuma saura sati uku, ranar Litinin. Idan lamba ta saɓa, aiki ya tafi, wataƙila ma a kwana a hannun 'yan sanda. Shamroz yana da 'ya'ya biyar da uwa mai ciwon ƙafa, ba shi da gona ko ta taki goma.

Magana ce mai sauƙi a wani gari. A nan kuwa, ka ce wa Malik a gaban mutane ya ɗauki bindigarka, ka kira shi ɓarawo ke nan, kuma an yi gabar shekara arba'in a kan abin da bai kai wannan ba. Don haka Shamroz ya naɗe bindigar a mayafi, ya je hujra, ya durƙusa, ya ce yana son ganin Malik Sahib a keɓe.

"Ba ni da sirri da jama'ata," in ji Malik. "Me ka ƙunso? A'a, bindiga ce? Kawo, kawo. Kun ga mutum mai hankali, ya kawo a duba masa."

Kafin Shamroz ya buɗe baki an karɓe. Malik ya ɗaga ta sama yadda na baya za su gani.

"Darra," ya ce. "Daga nesa na gane. Dubi rubutun, duk ya karkace. Ji nauyin, kamar guduma. Ja nan ka ji yadda take tafiya da ƙyar." Ya kai ta hanci, ya yamutsa fuska. "Subhanallahi! Wane jahili ne ke shafa wa bindiga man gashi? Shamroz, ɗana, an cuce ka. Sha shayi."

Shamroz ya sha shayi. Ya koma gida da ƙunshinsa, ransa a jagule.

Ana cikin haka matar babban ɗan Malik ta haifi namiji, jikansa na fari. Al'ada kuma ba ta san Turai ba: kakan yaro ne ke fara harbi sama. Jama'a suka cika ƙofar gida da hantsi. Malik ya fito yana zufa, ya nemi uzuri ya rasa, ya ɗaga hannu, ya kau da kai gefe, ya runtse ido. Bindiga ta amsa. Harsashi takwas, ɗaya bayan ɗaya, ko tari ba ta yi ba. Wanda ya fi kowa mamaki shi ne Malik, amma cikin ikon Allah ya farfaɗo da wuri.

"Kun ji? Kun ji muryar Turai? Shekara goma sha ɗaya ina gaya muku!"

Daga ranar garin bai ƙara hutawa ba. An ga gajimare, Malik ya harba. Saniyar maƙwabci ta haihu, Malik ya harba. Shamroz yana tsaye a gidan mai yana jiyo muryar bindigarsa, wadda ya sani kamar tarin mahaifiyarsa, yana ƙirga kwanaki. Ya tare Malik a hanyar masallaci, Malik ya ba shi nasiha kan sayen kayan arha. Ya kai kuka wurin Haji Dilbar, Haji ya yi dariya har haƙoransa na roba suka motsa, ya gaya wa wanzami. Abin da wanzami ya sani kuwa, gari ya sani. Kafin Juma'a ta zagayo kowa ya ji in ban da mutum ɗaya, kuma babu mai niyyar gaya masa, don an daɗe ba a ji daɗin zaman hujra irin haka ba. Shamroz ne kaɗai ba ya dariya, har ya rame.

Ranar Lahadi, ana gobe jami'i zai zo, Haji ya dubi fuskar maigadin, tausayi ya kama shi. Bayan an zuba shayi sai ya ce, "Malik Sahib, kullum musu, kullum musu. Ga ta Turai, ga ta Darra a hannun Shamroz. A jera gwangwani a bayan katanga mana, mu ma jahilai mu gani da idonmu."

Malik bai taɓa jin shawara mai daɗin wannan ba. Aka jera gwangwanaye takwas. Ya gyara tsayuwa, ya saki takwas ɗinsa. Babu gwangwanin da ya ji rauni, amma ya bayyana cewa yau ingancin fita ake gwadawa, ba saiti ba. Sai Shamroz ya ɗaga ta hannunsa, ya ce bismillah, ya danna. Ta harba ɗaya da ƙyar, kwanson ya maƙale a tsaye a bakinta, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Man shekara goma sha ɗaya ya daskare a cikinta kamar ƙanzo.

Malik ya buɗe hannuwa, ya juya ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Na faɗa ko ban faɗa ba? Wannan ba bindiga ba ce, abin fasa gyaɗa ne. Mai ɗaure wannan a ƙugu bai san ciwon kansa ba. Ku shaida, ku duka: ranar da kuka ƙara ganin wannan tarkacen a hannuna, Nurzada ya aske mini gashin baki a tsakiyar kasuwa!"

"Mun shaida," in ji jama'a, kuma ba a taɓa jin sun haɗa baki da sauri haka ba.

Haji Dilbar ya sa tabarau. Ya ce wa Shamroz ya kawo lasisinsa a ga ko wane marar tsoron Allah ne ya sayar masa da wannan abu. Ya duba takarda, ya duba tarkace, ya ce ikon Allah, lamba ba ta zo ɗaya ba. Sannan ya ce, "Malik Sahib, idona ya tsufa. Karanto mana ta jikin taka, mu ji yadda lambar Turai take."

Malik ya karanto da muryar da yake huɗuba da ita. Haji yana bin takardar da yatsa, yana maimaita kowace lamba da ƙarfi. Bakwai, bakwai. Huɗu, huɗu. A ta biyar muryar Malik ta fara sirancewa. Ta ƙarshen Haji ne kaɗai ya faɗe ta.

Babu wanda ya yi dariya. Mu mutane ne masu ladabi, kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa.

Shamroz ya matso, ya sa hannu biyu ya zare bindigarsa daga hannun Malik a hankali. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malik Sahib, ka riƙe mini ita da amana." Ya soke ta a ƙugu, ya yi ajiyar zuciyar da ya yi sati uku yana riƙe da ita. Sannan ya miƙa ɗayar, da kwansonta a baki, shi ma da hannu biyu.

Malik ya miƙo hannu. Ana saura kaɗan ya taɓa, sai ya hango Nurzada ya warware jakar askarsa a kan gwiwa. Hannun ya tsaya a iska, ya yi ɗan tunani, ya koma bayan mai shi. Shamroz ya jira, ya gaji, ya ajiye ta a kan gado tsakanin butar shayi da farantin sukari, ya yi sallama, don yana da kaki da zai goge kafin safiya.

Haji Dilbar ya cire tabarau ya mayar aljihu.

"To, Malik Sahib," ya ce, "wanne za ka tafi da shi gida, bindigar ko gashin bakin? Wanzami yana da wasu masu jira."