Ranar da Bango Ya Huda Ledar Zoɓo

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ko da tsufa ya sa na manta sunan kakana. Shekarata ta farko ke nan ina koyar da ilimin halittu a wani kolej na yankin Gazawa, ina ɗan kwantiragi. Sai aka ce konseye, wato mai duba aikin malamai, zai zo daga Maradi ya ga yadda nake koyarwa, kuma abin da ya rubuta shi zai sa a bar ni ko a sallame ni. Kwana uku ban iya zama wuri ɗaya ba, tuwo ma a tsaye nake ci.

Darasin kan bangon ƙwayar halittar tsiro ne. Shi ke ba ta siffa, shi ya sa karan gero ke tsayawa ba shi da ƙashi, shi kuma ke hana ta fashewa in ta sha ruwa ta kumbura. Ba mu da madubin ganin ƙananan abubuwa, ni kuwa iyayi ya hana ni zanawa a allo kamar kowa. Na ce sai yara sun gani da idonsu.

Na sayi zoɓo leda biyu (ja, wai don 'yan baya su hango). Ɗaya tsirara, ɗaya cikin 'yar jakar kaba, ita ce bangon. Inna Hajo mai tabarmi, tsohuwar gidan da na sauka, ita ta saƙa mini. Da safe na fizge jakar daga hannunta.

"Kai ɗan nan, tsaya in datse bakunan kabar na ciki, tsini gare su!"

"Inna, lokaci!" Ko waiwaye ban yi ba.

Konseye dattijo ne, ya sha farar shadda sabuwar guga. Bawan Allah ya nemi kujerar baya ya zauna. Ni da rawar kaina na ce, "Ranka ya daɗe, matso gaba, za ka fi gani." (Da bakina fa na jawo shi.)

Na ɗaga leda tsirara na matsa don ta fashe cikin bokiti. Ko gezau. Na ƙara matsawa har jijiyar wuyana ta fito, zufa na bin bayana. Na ce, "To, mu bar wannan. Ga mai bango, ita ko jaki ya taka ta ba abin da zai same ta."

Matsa ɗaya na yi. Tsiiit! Zoɓo ya tsirto ta kafofin saƙa, ya wanke konseye tun daga hula har aljihu, har da takardar da yake rubuta makomata.

Sai Hadiza, ɗiyar makiyaya da ba ta taɓa magana a aji ba, ta ɗaga hannu, ta kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci. "Mushe, ke nan bangon shi ke huda ta? Mu rubuta?"

Dariya ta ɓarke. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Konseye ya cire tabarau yana gogewa. "Malam, ka gwada abin nan a gida?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To, ni ka ajiye wa gwajin ke nan."

Bai sa an kore ni ba. Ya rubuta cewa zai dawo bayan wata guda, kuma in zo da alli kaɗai. Watan nan kullum sai na maimaita wa yara cewa bango kariya ne, har muryata ta dushe. Da jarrabawa ta zo, fiye da rabinsu suka rubuta cewa aikin bango shi ne huda ƙwayar halitta. Na ɗauki jan biro na rasa wanda zan ba sifiri, su ko ni. Ranar na gane yaro abin da ya gani yake riƙewa, surutun malam kuwa iska ce.