Keken da Malam Hashimu Ya Haɗa da Hannunsa

Wanda bai san Malam Hashimu ba, tsohon malamin gona ne a Malumfashi, mutumin kirki, sai dai Allah ya jarrabce shi da ciwon nan na "ai na sani". Ko zancen jirgin sama ake yi a majalisa, sai ya gyara wa matuƙin tuƙi. Da ya yi ritaya, tumbi ya fara riga shi shiga ɗaki, sai likita ya ce ya nemi keke ya riƙa motsa jini. Wani da kasuwa zai nufa ya sayo abinsa. Shi kuwa ya ce ina! Wai ya ga wani Bature a waya yana haɗa keke da hannunsa, yana yi yana murmushi, to da me Baturen ya fi shi?

Nan ya shiga jidar kaya. Firam daga wajen 'yan gwangwan, tayoyi daga Funtua, sarƙa da feda ya yi saƙonsu daga Kano, sirdin kuwa na wani keke ne da ya riga mu gidan gaskiya tun mulkin soja. Akwai mai gyaran keke a bakin layinsu, amma ya ce ba zai leƙa shi ba, wai su aikin gado suke yi, shi na ilimi zai yi. Ya baje tarkace a tsakar gida, ya jingina waya a jikin turmi, ya ɗora tabarau a karan hanci. Matarsa Hajiya Tabawa sai ta yi tsallake-tsallake kafin ta kai madafa. Ta shanya farin mayafi, ta dawo ta tarar an goge baƙin mai da shi. Kallonsa kawai take yi.

Mai magana shi ne taubashinsa, Alhaji Badamasi mai taki, wanda kullum da la'asar sai ya biyo ya ja kujera ya zauna kamar ya zo kallon ƙwallo.

"Injiniya, yau za a tashi, ko sai an ƙaro ma'aikata daga Chana?"

"Kai da ko mazagin wandonka sai an zura maka," in ji Malam Hashimu, bai ko ɗago ba. "Zauna ka ga aikin masu kai."

Haɗin farko, kan keken baya yake kallo. Haɗi na biyu, feda na juyawa, taya ta ce ba da ita ba. Ya kwance, ya ɗaura, ya fasa babban yatsa da guduma, ya zagi Baturen da ya cika sauri. Amma a faɗi gaskiya, mutumin yana da naci. Damina ta shigo ta fita yana abu ɗaya, har ranar da keke ya tsaya a kan ƙafafunsa. Ya shafe shi da koren fenti, ya rubuta "Ƙirar Gida" a madigadin baya, ya je majalisa ya yi shela cewa ranar Juma'a a kansa zai tafi masallaci, duk mai ido ya fito.

Aka kuwa fito. Malam Hashimu ya sha babbar riga, ya naɗe ta a kafaɗa, ya yi bisimilla ya haye. Abin mamaki, keke ya tafi! Daɗi ya kama shi, ya saki hannu ɗaya yana ɗaga wa jama'a, yana kaɗa ƙararrawa, ya waiwayo ya harari Alhaji Badamasi. A ransa har ya fara tunanin buɗe kamfani.

To, daga ƙofar gidansa zuwa titi gangare ne. Keke ya fara ɗaukar wuta. Ya matsa birkin dama, ya ji laushi kamar ya matsa tuwo. Ya matsa na hagu, shi ma haka. Ƙararrawar ce kaɗai ke aiki tsakaninta da Allah. Ya fara da "A kauce! A kauce!", ya koma salati, ya ƙare da kiran sunan mahaifiyarsa. Awaki suka watse, mai rake ya bar baro ya haye dakali, babbar riga ta buɗe kamar lema. A bakin kwalbati tafiyar ta ƙare: shi da firam suka faɗa kwata, tayar gaba kuwa ita kaɗai ta cika alkawari, ta miƙe ta nufi masallaci.

Da aka ciro shi, ƙafar dama ta ƙi taka ƙasa. A Keke Napep aka maido shi gida, aka shimfiɗe shi a kan tabarma a falo, aka kira maɗori, wani dattijo mai suna Malam Jatau. Yana kwance yana nishi, amma bakin bai karye ba.

"Hanyar ce," yake ta faɗi. "Keken lafiyarsa ƙalau. A ƙasar da aka ci gaba, wa zai bar gangare haka a ƙofar gidan mutum?"

Ana cikin haka Hajiya Tabawa ta shigo da wani kwanon sha a hannu, yana ƙara kacau-kacau.

"Malam, kwanona ne na tsinta a ƙarƙashin gadonka, ina so in dama maka kunu. Ina zan juye waɗannan?"

Alhaji Badamasi ya leƙa. Kwano cike da notuna, da ƙusoshi, da 'yan ƙarafa, da wasu baƙaƙen robobi. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga sama yana juya ta.

"Injiniya, waɗannan fa?"

"Saura ne."

"Saura?"

"Kowane aiki yana da saura. 'Yan kamfani ne ke cika tarkace don a ce sun yi wahala."

"To ita wannan robar, ba ita ce ke kama taya in an matsa birki ba?"

"Na gwada ta, ta ƙi zama," in ji Malam Hashimu a fusace. "Abin da ya ƙi zama kuma ba dole ba ne."

Daidai nan Malam Jatau ya tofa addu'a, ya kama ƙafar ya ja. Malam Hashimu ya kurma ihun da ya sa kajin maƙwabta suka amsa. Da numfashinsa ya dawo, gumi na zuba, sai ya ɗago kai ya nuna maɗorin da yatsa.

"Dakata, dattijo, ba haka ake yi ba! Ni na ga yadda ake ɗori a waya. Ka ma tabbata ka mayar da komai wurinsa?"

Malam Jatau ya tsaya da karan ɗori a hannu. Hajiya Tabawa ta matso a hankali, ta durƙusa, ta ajiye kwanon kusa da gwiwarsa.

"Baba, yi aikinka, kada ka takura kanka," ta ce. "Wanda ya zauna ya zauna. In wani ƙashin ya yi saura, ga kwano."