Farfesa Keshan da Motar Haƙa Rijiya

Duk wanda bai taɓa jin Mista Gamaliel na Sabon Garin Keffi yana magana ba, gaskiya kunnuwansa sun yi asara. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga wasiƙu a wani ofishin gwamnati. Da ritaya ta zo, abokan aikinsa suka fito da filaye da motoci, shi kuwa ya fito da abin da ya fi su duka: wani baƙin littafi mai kauri, wanda ya tara kalmomin Turanci a ciki.

Ba tarawa irin ta kowa ba. Ya jera su ne bisa tsawo. Masu harafi goma sha biyar suna shafin farko kamar manyan baƙi, sai masu sha huɗu, haka har ƙasa. A kowane rukuni kuma, waɗanda wutsiyarsu ta yi kama suna zaune wuri ɗaya. Ya fi ƙaunar dangin edukeshan da komunikeshan, shi ya sa 'yan acaɓa suka raɗa masa Farfesa Keshan. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, don a ganinsa rabin farkon, wato Farfesa, ya ma makara.

Mutane ma da tsawon kalma yake auna su. Mai keke kalma mai harafi huɗu ta ishe shi. Fasto yana samun mai harafi tara ranar Lahadi. Matarsa Filomina kuwa, da yake ta gida ce, bakwai ake ba ta, kuma ba ta taɓa cewa an rage mata ba.

Abin da ya dami Filomina daban ne. Layinsu ba ruwa. Kullum da safe ita da sauran mata sai sun taka har wata rijiya a Gangaren Tudu, su dawo da jarkoki a ka, wuya ya sage. Shekara biyu zumuntar mata ta coci tana rubuta wa wata ƙungiya a Abuja roƙon rijiyar burtsatse. Rannan sai ga amsa da ƙafafunta: ƙatuwar motar haƙa ta shigo layin, da wata injiniya mai suna Mu'mina a gaba. Ta auna nan, ta auna can, ta ce ruwa yana ƙarƙashin filin da ke ƙofar gidan Mista Gamaliel. Abin da ya rage kawai mai fili ya amince a gaban jama'a, ya sa hannu.

Mata suka yi guɗa. Farfesa ya shige ɗaki, ya fito da kwat da lakataya, littafi a hammata, ya sa aka kawo masa tebur.

"Baba, ka yarda a haƙa a nan?" in ji Mu'mina, tana miƙa masa biro.

Ya dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai san dawan garin ba.

"Injiniya, wannan taro na tarihi ne. Amsarki tana cikin littafin nan, amma harafi uku ce kacal, a shafi na sittin da biyu take. Mutum irina ba ya fara jawabi daga gindi. Za mu bi tsari."

Ya gyara murya ya buɗe shafin farko. Kalmomi suka fara zubowa, kowace da tsawon igiyar guga, ba wadda ta san maƙwabciyarta sai dai kamannin wutsiya. Da farko jama'a sun tafa, don ko ba komai an nuna wa 'yan Abuja cewa Keffi ma akwai boko. Da ya gama masu harafi sha biyar ya sha ruwan leda, tafin ya ragu. A masu sha uku, direban motar ya kwanta a ƙarƙashinta. Mu'mina ta duba agogo, ta ce cikin ladabi in ba a fara haƙa kafin azahar ba, dokar aikinsu ita ce su wuce wuri na gaba, wata ruga kusa da Gitata.

Hankalin Filomina ya tashi. Ta matso ta kama gefen teburin.

"Baban Judit, don girman Allah ka tsallaka! In Turancin ya yi nisa, faɗi da Hausa, ka sa hannu!"

"Uwargida, koma ki zauna. Da Hausa? A gaban hukuma? Kuma wa ya taɓa sa hannu kafin rufe jawabi?"

Yana tsakiyar masu harafi tara aka kira sallar azahar. Mu'mina ta sake tambaya sau ɗaya, ya ɗaga mata yatsa alamar kada a katse shi. Ta naɗe takardarta, ta ba mata haƙuri har idonta ya kawo ruwa. Mota ta yi ribas ta fice. Filomina ta zauna a kan jarka ta yi kuka sosai, kukan baƙin ciki da kunya, mata suka janye ta zuwa cikin gida.

Farfesa bai ko ɗaga kai ba. Jarumi ke nan! Sai bayan la'asar ya iso shafi na sittin da biyu, ya buɗe hannuwa ya ce "Yes!" da ƙarfi, a gaban benci huɗu da akuyar maƙwabta.

Washegari Filomina ta ce wuyanta ya yi ritaya. Farfesa ya haƙura har hantsi, ƙishi ya ci ƙarfinsa, ya ɗauki ɗan bokitin wanka ya nufi Gangaren Tudu da kwat ɗinsa. Ya tarar da matan layinsu sun cika bakin rijiya. Ya wuce gaba kai tsaye, kamar yadda ya dace da mai ilimi. Mama Mabel, shugabar zumunta, ta tare shi da murmushi.

"Sannu da zuwa, Farfesa. Ai mun ɗauki darasi jiya, yanzu mu ma tsari muke bi. Manyan jarkoki ne a gaba, sai masu bi musu." Ta leƙa bokitinsa. "Wannan kam, je ka can baya. In mun iso shafinka za mu kira ka."