An Share wa Nata'ala Kufai

Jiya tun hantsi na rufe shagona a unguwar Pantai Dalam da ke Kuala Lumpur, na bar kilishi da yaji suna jiran masu saye, duk don in raka manyan baƙi kallon rami. Na tafi da takalmin Juma'ata ƙafa biyu, na dawo da ƙafa ɗaya.

Maƙwabcina Nata'ala ne ya jawo min. Ɗalibin jami'a ne, karatunsa tona ƙasa a nemo abin da mutanen dā suka bari. Da farko na ɗauka zinare yake nema, har na fara gaishe shi da ladabi. Ashe fasassun tukwane ne. A bayan garinsu can gida akwai wani kufai, tudun da kakanninsa suka zauna tun kafin a san Bature, kuma a kansa digirinsa gaba ɗaya ya dogara. Kullum a teburin mamak, wato shagon shayi da abinci na nan garin, ba shi da zance sai na kufan nan. Fargabarsa ɗaya ce, kada a yanka wajen filaye kafin ya koma ya tona.

Sai ga labari wai tawagar kula da kayan tarihi ta yankinsu ta sauka a Kuala Lumpur, sun zo ƙaro ilimi. Allah ya ƙara musu. Sun yi ta ƙaro shi a manyan kantuna har akwatuna suka ƙi rufuwa. Nata'ala ya yi ta sintiri a otal har Mai Girma Shugaban Tawaga ya yarda ya leƙa inda malaminsa ke tono, a bayan wasu tsofaffin shaguna kusa da kogi.

"Ka raka ni lah," in ji Nata'ala, da irin lafazin 'yan Malesiya. "Kai ka iya magana da manya."

Wajen abin kallo ne. An kafa rumfa, an ja zare gida-gida, maza da mata sun durƙusa da burushi suna share ƙasa kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa. Wata 'yar Malesiya ta ci karo da guntun kwano. Ta ɗauke shi hoto, ta auna, ta sa masa lamba, ta kwantar da shi a auduga. Ni ko a asibiti ba a taɓa riƙe ni haka ba.

Mai Girma ya tattare babbar riga, ya leƙa ramin, ya kaɗa kai.

"Wa aka ba kwangilar nan?"

"Ranka ya daɗe, ba kwangila ba ce, bincike ne," in ji Nata'ala.

"Shi ya sa! Ƙasar da jirgin ƙasa ke tafiya a sama, a ce ba ta da katafila?"

Daga nan ya nemi a miƙo shebur a ɗauke shi hoto, don shi bai saba ganin rami ya wuce bai aza harsashi ba. Ya tsallake zare, santsi ya kwashe shi, na tare shi, ƙafata ta nutse a taɓo. 'Yan rakiya suka yi ta "Allah ya kiyaye, ranka ya daɗe." Babu wanda ya tambayi takalmina.

Nata'ala ya ga dama ta samu, ya rusuna. "Yallaɓai, irin wannan aikin nake so in yi a kufanmu, in an taimaka an killace shi."

Fuskar Mai Girma ta washe. "Au, kai ne mai kufan? To yi godiya, mun hutar da kai. Tun watan jiya katafila ta baje tudun, an share shi tas. Tarkacen tukwanen nan mun cike ramukan hanyar kasuwa da su. A wajen za mu gina gidan adana kayan tarihi, bene hawa uku."

"Me za a saka a ciki?" in ji Nata'ala.

"Ai shi ya sa aka turo ku karatu. Ku nemo."

Wallahi na daɗe ban ji tausayin mutum haka ba. Ya samu bokiti ya zauna, ya riƙe kai. 'Yar Malesiyan nan ta kawo masa ruwa, tana zaton rana ce ta buge shi. Da dare ya kasa cin ko loma, sai tapau na yi masa, wato na sa aka ƙunshe masa abincin ya tafi da shi gida.

Don haka mutanen garin su Nata'ala, in za ku kasuwa ku taka a hankali, a kan akushin kakanninku kuke tafiya. Takalmina kuwa na bar wa 'yan Malesiya. Na tabbata wata rana za su tono shi, su sa masa lamba, su kwantar da shi a auduga.