Buhun Citta Ga Mama Farfesa

Ko na tsufa na zubar da haƙora, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka karrama ni ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma abin haushin shi ne babu wanda zan ɗora wa laifi.

Ina koyar da kemistiri a wata kwaleji kusa da Kafanchan. Fannina shi ne lissafin yadda ƙwayoyin zarra ke riƙe juna, aikin da kwamfuta ke yi mini. Shugaban sashenmu, Dokta Yakubu, bai taɓa ɗaukata a bakin komai ba. Kullum sai ya ce, "Kai ai latsa-latsa ka iya, ba ka san waɗanda suka kafa ilimin ba." Saboda haka ya hana ni ajin 'yan shekarar ƙarshe, ajin da na daɗe ina nema.

Sai ga shi na ci wata lambar yabo ta matasan masu bincike, wadda aka sa wa sunan wata Farfesa ta ƙasar waje, ɗaya daga cikin na farko a fannin. An aiko mini da wasiƙa, haɗe da ɗan littafin tarihinta. Wasiƙar na karanta har sau biyar (akwai sunana a ciki), littafin kuwa na ɗora kofin shayi a kai. A ƙasan wasiƙar na ga sa hannu da sunan gidan su Farfesa, na ce lallai ita ce da kanta ta rubuto mini.

Da na je garinmu Manchok na gaya wa Mama, ta ce a wurinmu ba a karɓar alheri a yi shiru. Ta cika buhu da busasshiyar cittar gonarta, ta ce a kai wa Mama Farfesa.

An yi bikin ta bidiyo, aka haska shi a bangon zauren kwaleji. Mama ta zo da matan zumunta na cocinsu cike da bas, duk cikin anko. Dokta Yakubu na layin gaba ya harɗe hannu. Wata dattijuwar Baturiya ta bayyana a bango, aka ce in yi jawabi.

Na jawo buhun gaban kyamara. Na yi mata godiya, na roƙa mata tsawon rai. Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma na kalli Dokta, zuciya ta ɗebe ni, na ce ba na wasa da rubuce-rubucen Farfesa, musamman sababbin da ta fitar bana, waɗanda wasu manya a sashenmu ko labarinsu ba su ji ba.

Dattijuwar ta gyara tabarau. Cikin ladabi ta ce ita jikar Farfesa ce, kakar tata kuwa ta rasu tun ita tana 'yar firamare, kuma hakan na shafin farko na littafin da suka aiko.

Na ji gumi na gangarowa har cikin safata. Mama ba ta jin Turanci, ta taɓo Dokta ta ce, "Me matan ya ce, ɗana?" Shi kuwa ya fassara mata dalla-dalla, bai rage ko kalma ba (ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta ranar ba).

Mama ta miƙe ta dafe ƙirji. "Wayyo Yesu! Matan ya mutu, ba ka gaya mana ba, ka bar mu mun zo da kayan biki?" Kafin in buɗe baki, matan zumunta sun miƙe sun kama waƙar ta'aziyya. Baiwar Allah jikar nan ta zauna a bango ana yi mata gaisuwar rashin da ta yi tun tana yarinya, har ta share hawaye. Ni kuma ina tsaye riƙe da bakin buhu.

Washegari Dokta ya kira ni ofis. Ya ce ajin sai baɗi, in kuma ina so, sai na fara gabatar da tarihin matar a gaban sashe. Na fito ina huci, na ɗauko littafin mai da'irar shayi a bangonsa. A ciki na ga cewa da fensir da takarda ta shafe shekaru tana lissafin ƙwaya guda, abin da kwamfutata ke gamawa kafin in shanye kunu. Abokan aikinta maza suka kwashe yabon, shi ya sa aka kafa lambar, don kada a manta da ita. Ni kuwa na karɓa ban ma san tana raye ko ta mutu ba.

Yanzu ko katin biki aka miƙo mini, sai na karanta har baya kafin in yi magana. Cittar kuma Mama ta hana a taɓa, ta ce ta gaisuwar mutuwa ce, sai na kai gidansu da ƙafata. Tana nan a kusurwar ofishina, duk wanda ya shigo sai ya yi atishawa ya tambaye ni labarinta.