Hular Alhaji Santimita

Unguwar Yakasai ta yi sa'a, ko da yake ba ta gode ba. Wasu unguwannin sai sun tura ɗansu jami'a shekara da shekaru kafin su sami masanin lafiya. Mu namu tsakanin azahar da la'asar ya kammala karatunsa, a kan benci, a shagonsa na tayil da fenti a Ƙofar Ruwa. Wani ɗan gajeren bidiyo ya kalla a waya. Kafin ya miƙe, Alhaji Abdulbaqi ya riga ya san nauyin da ya kamata kowane ɗan Adam ya yi.

Ilimin ba shi da wuya, shi ya sa ya dace da shi. Ka auna tsawon mutum da santimita, ka cire ɗari, abin da ya rage shi ne kilon da ya halatta gare shi. Sannan a dubi ƙira: mutum ya zagaye wuyan hannunsa da babban yatsa da na tsakiya. In yatsun sun ƙi haɗuwa, mai babban ƙashi ne, a ƙara masa kashi goma cikin ɗari. Yatsun Alhaji ko hango juna ba sa yi. Mahassada suka ce kitse ne. Shi ya ce ƙashi ne na gado, kakansa ma haka yake.

Ya sayi sikeli, ya ɗauko tef ɗin ƙarfe da yake auna ɗakunan mutane, ya kafa hukuma a ƙofar gidansa. Mai shayi ya wuce ƙa'ida da kilo tara. Ladan bai kai ba. Wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya ya tafi da labarin cewa rayuwarsa na cikin haɗari. 'Yan majalisa suka laƙaba masa Alhaji Santimita, shi kuma ya ɗauka sarauta ce, yana amsawa da ɗaga hannu.

"Ba ni na faɗa ba, kimiyya ce," in ji shi. "Ku dube ni. Ni da lissafi ba mu taɓa saɓawa ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ga dalili. A makarantar mishan da na yi, ranar awo ba takalmi muke tsayawa, kai a aske, baya a jikin bango, a kwantar da rula a tsakar ka a ja layi da alli. Ashe duk jahilci ne. Alhaji ya gyara wannan kuskure. Ya ce mai mutunci ba a auna shi kai buɗe kamar fursuna, hula da takalmi ai cikin mutum suke. Allah ya ba shi santimita ɗari da sittin. Takalminsa mai tudu ya ba shi biyar. Sauran kuwa Mailafiya mai ɗinkin hula ne ke bayarwa. Duk sanda allurar sikeli ta matsa gaba, sai a aika wa Mailafiya. Wasu in sun yi ƙiba tuwo suke ragewa. Alhaji tsawo yake ƙarawa, yana da shekara sittin.

Ana haka kujerar shugaban kwamitin lafiya na unguwa ta zama ba kowa. Aikin ba wani na a zo a gani ba ne: yashe kwata, kwashe shara, raka masu rigakafi gida-gida. Amma sunan shugaba ake rubutawa a allon da ke bakin titi, kuma shi ke zama kusa da manyan baƙi in sun zo. Jama'a sun fi karkata ga Malam Bappa, tsohon dillalin shanu, dogo siriri, wanda ya daɗe yana wannan ɗawainiya ba kujera. Alhaji ya ga in aka bar mutane da son ransu, ilimi zai sha kaye.

A taron dattawa ya miƙe ya ce, "Shugaban lafiya dole ya zama lafiyayye. A auna kowane ɗan takara a bainar jama'a, da hularsa a ka. Wanda ya kauce wa lissafi da fiye da kilo goma, sama ko ƙasa, ya koma gida."

Dattawa suka amince, galibi don ya zauna. Shi kuwa ya riga ya ƙiyasta cewa Bappa bai kai ba, in kuma aka ɗora wa dogo hula, giɓin ƙaruwa zai yi.

Sai ya shiga neman goyon baya. Kowace majalisa ya kai mata balangu da fura, kuma saboda tawali'u ya zauna ya ci tare da kowacce. Allura ta tsaya a casa'in da tara. Aka aika wa Mailafiya. Ya ce ba shi da iccen ɗora hula mai wannan tsayi, sai Alhaji ya aiko masa da gwangwanin fenti daga shago. Sabuwar hula ta sha sitaci, aka tokare ciki da kwali. Ranar awo, tun daga kan kwanar layi ake hango hular, daga baya mai ita ya bayyana.

A zauren Mai Unguwa Gali za a yi. Alhaji ya iso, ya tarar da takalman dattawa jere a waje. Wannan bai shiga lissafinsa ba. Ya tsaya yana motsa leɓe, ya ga ko ba takalmi da sauran rata. Ya tuɓe. Santimita biyar suka zauna a waje.

Saura ƙofa. Maginan zamanin da ba su ga bidiyo ba, amma sun san abin da suke so: ƙofar zaure gajera suke yi, don duk mai shiga ya sunkuya. Alhaji ya yi niyyar sunkuyawa, teɓa ta ƙi sa hannu. Ya lanƙwasa gwiwa, ya karkace, ya kutsa. Shi ya shiga. Hular ta daki azara, ta koma baya, ta gangara a natse ta faɗa cikin kwatar nan da ake neman wanda zai sa a yashe.

Tunda doka ta ce da hula, Malam Bappa ya zaro 'yar farar hular saƙa daga aljihu ya miƙa masa, irin mai lafewa a ka. Aka ja tef ɗinsa na ƙarfe: ɗari da sittin. Ya ce a sake. Aka sake, aka kuma roƙe shi ya sauke dugadugansa. Ya hau sikelinsa. Aka cire ɗari, aka ƙara masa ladan ƙashin gado ba tare da gardama ba, aka sami sittin da shida.

Mai Unguwa ya dubi allurar, ya gyara zama. "Alhaji, kujerar nan ta mutum ɗaya ce. A lissafinka kuwa kai mutum ɗaya da rabi ne."

Alhaji ya ce to a auna Bappa. Aka auna, shi ma ya faɗi, ta ƙasa. Tunda kimiyya ta kayar da kowa, Mai Unguwa ya ce a koma tsohon yayi, a ɗaga hannu. Alhaji ya sami hannu biyu: nasa da na Mailafiya.

Yanzu sunan Bappa ne a allo, kwata kuma tana gudu. Alhaji ya gano cewa lissafin nan don jikin Turawa aka yi shi, kuma dama can shi bai taɓa yarda da shi ba. Hular an tsamo ta, an shanya. Kazar matarsa Hajiya Zinariya ce ke ƙwai a ciki, kuma duk faɗin Yakasai ita kaɗai ce ta amfana da ilimin Alhaji.