Rasuwar Hawainiya, Kwamfutar da Ta Ƙi Sauri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da ya kasa daina duban kusurwar da take zama, shugaban kamfanin nan mai manhajar neman magani yana sanar da 'yan'uwa, abokan arziki da masu zuba jari rasuwar kwamfutarsa, wadda duk ofis ya sani da suna Hawainiya. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan bencin mai gyara, cikinta a buɗe, bayan gajeriyar jinya da doguwar wahala. Ba wanda ya san shekarunta, don ko lokacin da ta zo hannunsa da furfurarta ta zo.

Marigayiya ta shigo rayuwarsa ne ta hanyar rashin sa'a. Kawunsa ya rufe ofis, ya bar kwamfuta biyu: ɗaya sabuwa fil, ɗaya kuwa wannan. Masu so su biyu ne, shi da ɗan'uwansa da ake kira Gwani, kuma ba a banza aka sa masa sunan ba. Kawu ba ya son rigima, sai ya karya tsinken ashana ya dunƙule hannu, ya ce kowa ya ja. Gwani ya ja dogo. Shugaba, wanda a lokacin ba ya shugabantar komai sai katifarsa, ya ja guntu, ya rungumo Hawainiya ya taho gida yana ƙunƙuni.

Allah ya yi mata kyawawan halaye. Mai haƙuri ce, kuma mai koyar da haƙuri ko mutum bai nema ba. In aka kunna ta, sai ta ce "ƙirrr… ƙirrr…", ta yi shiru kamar mai tuno wani abu, a je a dafa shayi a dawo, sannan ta ce "ɗin!" Ba ta son ƙarya, ba ta son ado. Hoto ɗaya mai nauyi ya ishe ta ta ɗauki "fuuuu" da fankarta har maƙwabta su leƙo. Batirinta ya riga ta gidan gaskiya tun tuni, saboda haka duk rayuwarta a jikin bango ta yi ta, kamar akuyar da aka ɗaure.

A kanta aka rubuta manhajar da ta ɗaga kamfanin: mutum ya rubuta sunan magani, ta gaya masa kantin da ke da shi a kusa. Shi ma Gwani irinta ya gina a kan sabuwar kwamfutarsa, kuma duk wanda ya ga biyun ya san tasa ta fi. Ga taswira, ga hotunan kwalabe, ga launi mai ɗaukar ido. Ta Shugaba kuwa rubutu ne tsura, baƙi a kan fari, don duk abin da ya ƙara sai Hawainiya ta sume. Ashe masu neman magani da gaggawa yawancinsu ƙananan wayoyi gare su, masu tsagaggen gilashi da ma'ajiyar da ta riga ta cika. Ta Gwani ta ƙi buɗewa a kansu. Mummunar nan ta Shugaba kuwa kafin ƙiftawar ido ta buɗe. Gwani ya naɗe tabarmarsa ya koma aiki a ƙarƙashin wani.

Daga nan Shugaba ya shiga sahun masu hawa mumbari. Ya sayi kwat, yana zuwa taruka yana bayyana wa matasa cewa tun farko ya hango cewa sauƙi shi ne sirrin nasara. Ya faɗa har shi ma ya fara yarda. Gwani kan zauna a layin baya yana tafi tsakani da Allah, in an tashi ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan'uwa, ka tara mutum dubu su yi ta jan tsinke, dole a samu wanda zai ci sau goma a jere. Shi ne za a ba makirufo ya koya wa sauran yadda ake ja." Shugaba kan yi dariya, amma dariyar ba ta kaiwa ciki.

Da kuɗin masu zuba jari suka shigo, aka cika ofis da matasa da kwamfutoci masu gudu kamar iska. Ba a yar da marigayiya ba. Aka ba ta tebur a kusurwa kusa da firinta, aka kafa doka: duk abin da aka rubuta, sai ya buɗe a kanta kafin ya fita wajen jama'a. Ma'aikata sun tsane ta tsanar da ba a ɓoyewa. Mutum ya kwashe mako yana ƙawata shafi, ya kai gabanta, ta ce "fuuuu", ya koma ya goge rabi. Ba ta taɓa duba digirin kowa ba.

Ciwon ajali ya same ta a bakin aiki. An kawo mata sabon salon manhajar, mai bidiyon maraba da ƙwayar magani tana rawa. Ta duba, ta yi "ƙirrr" mai tsawo irin wanda ba a taɓa ji ba, ta yi ɗumi, fuskarta ta yi baƙi. Aka garzaya da ita wajen mai gyara. Tana can kwance, matasan ofis suka ce ai tsufa ne, ba laifin bidiyo ba, Shugaba kuma ya sa hannu aka saki sabon salon. Kafin mai gyara ya girgiza kai ya ajiye sukudireba, ƙorafi ya fara zuba. A cikin masu kira har da mahaifiyarsa, wadda maganin hawan jininta ya ƙare. "Kai, abin nan naka fa ya ƙi buɗewa," in ji ta. "Wata ƙwaya ce kawai ke ta juyi. Ko ka sayar da kamfanin ne ban sani ba?"

Wannan kiran ya fi mutuwar kanta yi masa ciwo. An janye bidiyon a ranar, amma tsoro bai janye ba. Tun daga lokacin yake zaune yana tambayar kansa, shin shi ne ya iya, ko ita ce ta hana shi ɓata abin? Hausawa sun ce sa'a ta fi manyan kaya, sai dai ba su faɗi abin da mutum zai yi ranar da sa'ar tasa ta mutu a hannun mai gyara ba. Yana kewarta ƙwarai, kuma yana jin kunyar yawan zagin da ta sha a bakinsa.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da linzamin kwamfuta mai ciwon gefe guda, da jaka wadda zif ɗinta ya daina rufuwa. Ta bar maigidanta, da ma'aikata da dama waɗanda har yanzu ba a ga hawayensu ba.

Za a yi zaman makoki ranar Litinin da safe a ɗakin taro na ofis. Mai gyara zai cire abin da ke da sauran amfani a jikinta, ragowar kuma a sa a akwatin gilashi a kusurwarta. An roƙi masu zuba jari kada su kawo sabuwa a matsayin ta'aziyya. Ana umartar kowane ma'aikaci ya zo da kwamfutarsa mai gudu, da cajarta, ya miƙa a bakin ƙofa. Shugaba ya zagaye shagunan masu gyara ya sayo tsofaffi, dangin marigayiya na kusa da na nesa, kowa zai karɓi ɗaya ya koma teburinsa da ita. Bai san ko sa'a na sayuwa a shagon mai gyara ba, amma ya ce zai gwada. Ana sa ran a daidai wannan lokaci ne za a fara kukan gaske.